Rasuwar Mai Ƙirge, wadda take lissafa mana wa'adin kotu

Da zuciya cike da baƙin ciki, ni sakatariyar wannan ofishin lauyoyi nake sanar da rasuwar Mai Ƙirge, 'yar manhajar da take lissafa mana wa'adin shigar da takardu a kotu. Ta cika yau da hantsi, bayan jinyar da ta ɓoye wa kowa.

An haife ta a kan teburina. Manhajar tsara ayyukan da ofis ya saya ba ta iya komai ba sai tara kwanaki, ba ruwanta da hutu. Ƙanwata, mai aikin kwamfuta, ta rubuta 'yan layukan umarnin kwamfuta ta ɗaura mata. Tun daga nan, da an shigar da ranar hukunci, marigayiya za ta tsallake ƙarshen mako da hutun gwamnati, ta aika wa kowane lauya ranarsa. Ba ta taɓa ɗaga murya ba. Iyakarta "ting", in abu ya matso kuma "ting ting".

Ciwon ajali ya shige ta ne lokacin da kamfanin manhajar ya yi sabuntawa, ya yanke ta daga kalandar hutu. Baiwar Allah ba ta yi ƙorafi ba, ta koma aiki da kalandar bara. Ta tsallake hutun da babu shi bana, ta ƙara mana kwana ɗaya da kotu ba ta ba mu ba.

Asirin ya tonu ne da lauyan ɗaya ɓangaren ya kira Oga, mai ofishinmu, murya kamar zuma, yana tambaya ko mun haƙura da ɗaukaka ƙarar wani direba da muke karewa, wanda ke tsare. Oga ya sauke kalandar bango ya ƙirga da yatsa. Ya sake ƙirgawa, ya cire tabarau. Wa'adin yau ne, ba gobe ba. Matar direban tana ɗakin jira da goyo, tana ganinmu ta gilashi, ta miƙe tsaye. Ba wanda ya iya haɗa ido da ita.

Muka hau buga takardun ɗaukaka ƙarar a gurguje, firinta ta cije takarda. Ƙaramar lauyarmu ta ƙwace sauran shafukan da zafinsu, ta haye babur sai kotu. Muka zauna muna kallon waya. Da ta kira, haki kawai muka fara ji, sannan ta ce magatakarda ya buga hatimi yana jawo murfin tagarsa. Matar direba ta sulale ta zauna a ƙasa.

Marigayiya ta bar ƙanwata, wadda har yanzu wayarta a kashe take. Da Oga, wanda har yanzu yake riƙe da kalandar bango. Da kabad cike da fayil-fayil waɗanda ita ta sa wa dukkansu rana. Ba mu san nawa ne suka kamu ba.

Za a yi jana'iza yanzu, a ɗakin taro. Oga ya kulle ƙofar fita ya sa mukullin a aljihu. Kowane mai makoki ya zo da fensir da kalandar bana, ya ɗauki fayil ya sake ƙirga wa'adinsa. Ba a karɓar gaisuwa sai an buɗe na ƙarshe.