Rasuwar Dattijuwa, Kwamfutar Shagon Yaya

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, har da wani abu a ƙarƙashinsa da bai kamata a ambata a wurin makoki ba, mai shagon zane da ke saman bene, wanda kowa ke kira Yaya, yana sanar da 'yan uwa da abokan arziki da tsofaffin kwastomomi rasuwar kwamfutarsa, wadda aka fi sani da Dattijuwa. Ta cika ranar Talata da hantsi, a kan teburinta na kusa da taga, tana da shekara goma sha ɗaya a duniya, bayan doguwar jinya.

Marigayiya ta shigo shagon ne a cikin kwalinta, Yaya ya rungumo ta ya hawo bene bai bar kowa ya kama masa ba. A kanta ya koya wa ƙanwarsa, Auta, aikin zane. Shi ya dafa hannunta a kan linzamin kwamfutar ya nuna mata yadda ake jan layi, shi ya koya mata haɗa kala, shi ya haɗiye fushi ranar da ta goge masa aikin mako guda da dannawa ɗaya. Yaya yana so a rubuta wannan ɓaro-ɓaro, domin 'yan jaridar da ke sintiri wurin Auta yanzu ba wanda ya taɓa tambayar wa ya koya mata.

Dattijuwa ta kasance mai haƙuri, mai riƙon amana, marar yawan magana. In an kunna ta da safe sai ta ce "tiit" sau ɗaya, fankarta ta ja numfashi "fuuu", shi ke nan ta gaishe ka. Ta fitar da katin aure, ta fitar da allon shago, ta fitar da kalanda da fosta ba adadi. Ta ƙara wa masu sanƙo gashi a hoto, ta rage wa masu tumbi tumbi, kuma ba ta taɓa tona asirin kowa ba. Ba ta nuna bambanci tsakanin wa da ƙanwa, kala ɗaya take ba su. Mutane ne suka kawo bambanci. Kwastoma zai hawo bene yana haki, ya tarar da Yaya zaune, ya gaishe shi da kyau, sannan ya leƙa bayansa ya ce, "Ƙanwar taka ba ta nan ne? To bari in dawo an jima." Yaya ya yafe musu duka. Yana dai riƙe da fuskokinsu.

Ciwon marigayiya ya soma ne shekara uku da suka wuce, ranar da iska ta kayar da bishiyar da ke gaban shagon. Masu sara suka daddatsa ta, suka bar wani gungume a bakin titi. Auta ta tsaya a taga tana kallonsa har shayinta ya huce. Washegari sai ga ta da kayan sassaƙa, gizago da kurfi da guduma, a cikin jaka.

"Yaya," ta ce, "shekara takwas ina zane, ban taɓa shafa abin da na zana da hannuna ba. Kullum gilashi ne tsakanina da shi."

Yaya ya yi dariya har da buga tebur. Ya ce mata kafin wata ya ƙare hannunta zai yi kanta, ta dawo da ƙafarta. Hannun kuwa ya yi kanta. Ita ce dai ba ta dawo ba. Ta kama wani tsohon gareji a bayan layi, ta cika shi da gungumen itace da ɓawo, ta shiga sassaƙa tsuntsaye da fuskokin tsofaffi.

Tun daga nan Dattijuwa ba ta ƙara komawa daidai ba. Ta fara nauyin tashi, ta fara mantuwa, wani lokaci ta sandare ana tsakiyar aiki. Mai gyara ya ce ƙura ce da tsufa. Yaya ya san ba haka ba ne. Hannun da ta saba da shi ne ya guje ta saboda guntun itace, abin da ba a kunna shi, ba ya ajiye aiki, in ka yi kuskure a jikinsa ba shi da maɓallin komawa baya. Yaya ne ya zauna jinya. Shi ke hure mata ƙura, shi ya canza mata fanka har sau biyu, shi ke lulluɓe ta da mayafi in zai tashi.

Sau ɗaya tak ya taka zuwa garejin, shi ma mahaifiyarsu ce ta matsa masa. Ya tarar da wurin maƙil da mutane. A tsakiya an ɗora wasu hannaye biyu na itace, manya, yatsan manuni na dama ya ɗan lanƙwashe, ga tabon ƙuna a gindin babban yatsa. Nan take ya gane su, nasa ne. Mutane sai ɗaukar hoto suke, wata mata har tana share ƙwalla tana cewa, "Ka ga hannun da ya sha aiki!" Yaya yana tsaye dab da ita da na ainihin. Ya fito da su daga aljihu, ya harɗe su a ƙirji, ya sake su, ya sosa gemu. Ko kallo bai ishi kowa ba.

Auta ta hango shi ta taho da fara'arta. "Yaya, ka gane su?"

"Babban yatsan ya yi kauri," in ji shi, ya juya ya fita.

Tunda yau ranar faɗin gaskiya ce, yatsan bai yi kauri ba. Daidai yake cif, kuma abin da ya fi ciwo ke nan.

Ranar Talatar da abin ya faru, Auta ta hawo bene, karo na farko cikin watanni, tana ƙamshin ɗanyen itace. Za a baje ayyukanta a wani babban zaure, tana so Yaya ya zana mata katin gayyata, wai ba idon da ta yarda da shi sai nasa. Ya ce aiki ya yi masa yawa, alhali tun safe ko ƙuda bai hawo ba. Duk da haka ya kunna Dattijuwa. Auta ta miƙa hannu ta shafa kanta ta ce, "Tsohuwa, kina nan?" Marigayiya ta ce "tiit", ta ja "fuuu", sai "ƙarr, ƙarr", fuskarta ta yi shuɗi, sannan ta yi baƙi. Shekara uku Yaya yana gadin numfashinta, amma sai da Auta ta zo ta yarda ta cika. Ko a nan ma ƙanwar aka zaɓa.

Mai gyara ya buɗe cikinta, ya girgiza kai, ya ce duk abin da ta ajiye ya tafi da ita. A ciki har da zane sama da ɗari da Yaya ya yi don kansa, ba don kwastoma ba, waɗanda bai taɓa nuna wa kowa ba, yana jira su ƙara kyau tukuna. Da Auta ta ji, sai ta ce, "Da ka nuna mini, Yaya." Shi kuwa yana tunanin nata ayyukan ne, da suke can a tsaye ƙyam, a kawo wuta ko a ɗauke.

Marigayiya ta rasu ta bar firinta ɗaya mai fama da tari, da linzami wanda fentinsa ya goge a wurin yatsa, da madannai masu haruffa uku da suka shafe, da kujeru biyu, da Yaya. Allah ya ba shi haƙurin rashi, ya kuma ba shi haƙurin wancan ɗaya abin.

Game da jana'iza, Auta ta roƙi a ba ta gawar, tana so ta sassaƙa mata mazauni na itace ta ajiye ta cikin kayan da za a baje. Yaya ya ƙi har kwana biyu. A na uku ya amince, da sharaɗin shi zai riƙe kurfi a saran farko. Auta ta ce ta yarda, amma ya yanke farce ya zo da tsohuwar riga.

Za a sauko da Dattijuwa daga bene ranar Asabar da ƙarfe tara na safe, a wuce da ita garejin bayan layi, inda za a karɓi gaisuwa har zuwa azahar. Ana roƙon masu zuwa ta'aziyya, don girman Allah, su fara gaisawa da mai makoki kafin su juya su kalli kayan da ke ɗakin. Zai tsaya a tsakiyar ƙofa.