Rasuwar Ceɗiyar Ƙofar Gidan Bappa

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma hannun hagun da ya rage mini na riƙe biro, ni Malam Badaruddeen Bappa, malamin dabbobi mai ritaya, a madadin iyalan gidan Bappa da ke bakin titin da ya nufi Kabo a cikin garin Gwarzo, nake sanar da 'yan'uwa da maƙwabta da masu wucewa rasuwar uwarmu kuma inuwarmu, Ceɗiyar ƙofar gida. Ta cika ne a tsaye kamar yadda ta rayu, tana da shekara hamsin da ɗaya, bayan jinyar shekara tara. Babu wanda zai iya faɗin ranar da rai ya fita. Damina dai ta sauka bana, kowace bishiya a layinmu ta yi sabon ganye, ita ba ta yi ba. Mun ba ta wata biyu ko za ta sake shawara, ba ta sake ba.

Wanda zai ce mene ne abin sanarwa a mutuwar itace, to ya sani cewa tun da ɓarin jikina na dama ya shanye shekara huɗu da suka wuce, iyakar tafiyata a duniya taku goma sha huɗu ne, daga zaure zuwa gindinta. A nan nake ganin mutane, a nan nake jin wanda ya haihu da wanda ya sauya jam'iyya. Majalisar unguwarmu a ƙofata take zama, kuma ban taɓa yaudarar kaina cewa daɗin hirata ne ke kawo su ba. Inuwarta suke bi, ni kuma suna tarar da ni a ciki.

An haifi marigayiya a shekarar babban farin nan da ya ƙarar da shanun mutane. Mahaifinmu Bappa ya taso daga rugarmu ta wajen Garo da saniya ɗaya tak, ita ma ƙashi da fata. Da ya sauka a nan, ya sari reshen ceɗiya ya kafa a ƙofar gida ya yi mata turke. Saniyar ba ta ga damina ba. Turken kuwa, da ruwan farko ya zuba, sai ga shi da ganye. Ina da shekara goma sha bakwai a lokacin, kuma ina tsaye Bappa ya daɗe yana kallonsa, sannan ya ce, "Saniya ta tafi, turke ya ce shi zama zai yi. To mu ma mun zauna." Tun daga ranar ba mu sake bin shanu ba.

Marigayiya mai haƙuri ce da riƙon asiri. Shekara hamsin ana gulma a gindinta, ba ta taɓa kai wa kowa ba. Ba ta tambayar mai zama addininsa ko garinsu. Idan rani ya yi tsanani a kan sassabe ta a ba awaki, ta sake tohowa ba tare da ta riƙe kowa a zuci ba. Maganarta kaɗan ce: shuuu idan iskar la'asar ta taso, sai kuma ɓas, ɓas, idan 'ya'yanta na faɗowa a kan kwano. Tun da ba a yi wa mamaci ƙarya, za mu faɗa cewa tana da hali ɗaya. Tana tara tsuntsaye marasa kunya, kuma ko kusa ba sa ganin girman farar babbar rigar Alhaji Maikuɗi, shugaban majalisarmu, musamman ranar Juma'a.

Ciwonta ya fara ne shekara tara da suka wuce, lokacin da aka zo gina kwata a gefen titi. Aikin alheri ne, don kafin nan kowace damina sai ruwa ya shigo mana zaure. Ma'aikatan suka ce layin ya bi ta kan ceɗiya, sare ta za a yi. Na tara dattawa, muka yi ta roƙo har mai kwangilar ya ce to a bar ta, a datse saiwoyin da suka tare hanya kawai. Guda uku aka datse a ɓangaren gabas, kowace ta kai kaurin cinyar ƙato. Farin ruwan nan nata mai danƙo ya yi kwana biyu yana zuba. Aka zuba kankare, aka tafi, mu kuma muka yi ta taya juna murna cewa mun ceci ceɗiya.

A nan ya kamata in tsaya in ɗora wa mai kwangila laifi, kamar yadda 'yan majalisa ke yi. Ba zan iya ba, don sauran aikin ni na ƙarasa shi.

Shekarar da ta biyo baya na yi ritaya. A wajenmu idan mutum ya ajiye aiki ko ya dawo daga Makka, ƙofar gidansa yake fara gyarawa, don nan ne fuskarsa. Na ce zan yi wa ceɗiya gata tun da ta tsallake rijiya da baya. Na sa aka gina dakali ya zagaye ta, aka yi daɓen siminti tun daga bakin zaure har bakin kwata, aka shafe gindinta da farin fenti. Magini ya tambaye ni ko a bar 'yar ƙasa a kewayenta. Na ce a'a, nan kunama ke ɓuya, a kai simintin har jikinta.

Maƙwabcina na katanga ɗaya, Malam Gregory, mutumin kudancin Kaduna ne, yana koyar da aikin gona a sakandare, kuma shekara ashirin ke nan muna zama gindin ceɗiyar tare. Ya fito ya tarar ana shafe daɓe, ya gaishe ni har da tambayar gajiyar aiki, sannan ya rage murya.

"Malam Badaru, aiki ya yi kyau ƙwarai. Amma ta ina za ta sha ruwa?"

"Ceɗiya ce fa, Malam Gregory, ba tumatir ba. Saiwarta ta kai ƙarƙashin ƙasa ta bakwai."

"Ba ta kai ba, maƙwabci. Yawancin saiwarta a nan sama-sama take, inda kake shafewa. An riga an yanke mata gabas. Yamma ginin gidanka ne, arewa nawa. Sama kaɗai ta rage mata."

Alhaji Maikuɗi ya yi dariya ya ce, "Kai dai ɗan boko ba ya ganin abu mai kyau ya yi shiru." Ni ma na yi dariya. Shekara talatin ina duba bakin shanu, na ɗauka babu wani mai rai da zai ɓoye mini ciwonsa.

Ita kuwa ta ɓoye. Shekara uku babu abin da ya nuna, har 'ya'ya ta yi fiye da na kullum, ina ta tsokanar Malam Gregory cewa ga mara lafiyarsa tana haihuwa. Ya ce itace idan ta ji wuya haka take yi. A shekara ta huɗu ganyenta ya ƙanƙance. A ta biyar ƙololuwarta ta bushe, daga ɓangaren titi aka fara. Abin da ya fi ci mini rai yanzu shi ne jijiyoyin nan da ceɗiya ke saukowa da su daga rassa kamar igiya. A shekarun nan ta yi ta sauko da su da yawa, suna neman ƙasa, su tarar da siminti, su nannaɗe su bushe. Ni kuma sai in sa a datse su, wai suna ture wa mutane hula.

A shekara ta biyar ɗin ce ni ma na faɗi. Da aka sallamo ni daga asibiti, na koyi takun nan goma sha huɗu da sanda, muka zauna ni da ita muna jinyar juna. Naman kaza ya fito a gindinta, gara ta hau ta. Idan na ƙwanƙwasa jikinta da sandata sai in ji kwam, kwam, alamar ciki ya zama kogo. Idan iska ta taso kuma, maimakon shuuu ɗin da muka saba, sai wani ƙiiii mai tsawo da ke sa masu hira su ɗaga kai.

An yi magani, kada a ce ba a yi ba. Shekara biyu da suka wuce na sauke girman kai na ce wa Malam Gregory ya yi abin da ya sani. Ya zo da guduma ya fasa daɓen da hannunsa, bai ce mini "ai na faɗa maka" ba, kuma da ya faɗa da ya fi mini sauƙi. Ƙasar da ke ƙarƙashi ta yi tauri, tana warin tsami. Saiwar da ya tono ta yi laushi kamar rogon da ya kwana uku a ruwa. Aka zuba takin shanu, matata Zulaihat ta riƙa ba ta ruwa safe da yamma. Ta yi ɗan ganye a reshe biyu don ta faranta mana, shi ke nan.

Inuwa na raguwa, majalisa na raguwa. Da farko benci aka riƙa ja ana bin inda ta saura. Daga baya wasu suka fara tsallakawa gindin tsamiyar da ke ɗaya gefen titi, kusa da masallaci. Daga dakalina ina hango su, ina ganin dariyarsu, ba na jin abin da aka faɗa. Tsakanina da su akwai kwatar nan da aka gitta wa katako ɗaya, da titin da manyan motoci ba sa rage gudu a kansa. Sau ɗaya mutum huɗu suka ɗauke ni kamar buhun masara suka tsallakar da ni, mutane na ta sannu, sannu. Ban sake yarda ba. Zulaihat ta sa aka kafa mini rumfar kwano, amma da azahar tanda ce, babu mai hankalin da zai bar tsamiya ya zo ya gasu don ni.

Bara da damina, wata ranar Talata da la'asar, hadari ya taso, babban reshenta na arewa ya karye ya fasa kwanon ɗakin da Pamela, 'yar Malam Gregory, ke karatu a ciki. Allah ya tsare, ta fita ɗauko shanya. Na jira Malam Gregory ya zo da faɗa, bai zo ba. Ya gyara kwanonsa ya ci gaba da zama kusa da ni. Ni kuma, kunya ta ishe ni in faɗa, na yi shekara guda ina kawar da zancen, ina cewa a bari mu ga damina mai zuwa. Na san itacen ya karkata kan gidansa. Na kuma san ranar da aka sare shi, sauran mutum biyun da ke zama da ni za su tsallaka.

Makon jiya Malam Gregory ya zauna kusa da ni yana juya hularsa a hannu.

"Malam Badaru, ba ƙara na kawo ba. Amma matata Judith ta kwashe yara daga ɗakin nan tun bara, mu shida muke kwana ɗaki ɗaya. Ko iska ta kaɗa labule sai ta miƙe."

"Me ya hana ka faɗa mini tuntuni?"

"Na san abin da zan raba ka da shi."

Na ce a sare.

Marigayiya ta rasu ta bar ni, da Zulaihat wadda ta share ganyenta shekara arba'in tana mita kuma yanzu take kuka. Ta bar Marka mai ƙosai, da ta riga ta kwashe kaskonta ta koma tsallake. Ta bar jemagu da kurciyoyi da ba a san adadinsu ba, da awakin unguwa. Ta bar 'ya ɗaya, reshen da Malam Gregory ya sara ya kafa a gonarsa ta Masanawa, a buɗaɗɗiyar ƙasa inda babu kwata babu siminti. An ce ta kama, kuma nan da shekara goma sha biyar za ta yi inuwar da mutum goma za su zauna. Shekarata sittin da takwas, ina yi mata fatan alheri.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da hantsi, a ƙofar gida. Mai injin yanka zai zo daga Kara. Ana roƙon masu ƙarfi su zo su riƙe igiya, a kwantar da ita ta kudu, nesa da kwanon Malam Gregory. Masu babura su kawar da su tun da safe. Ba za a sayar da ko ɓawonta ba, duk mai bukatar itace ya ɗiba, sai dai a yi haƙuri da hayaƙi, don ceɗiya ba ta iya wuta ba.

Za a zauna karɓar gaisuwa a zaurena kwana uku, daga safe zuwa magariba. Akwai tabarma, akwai shayi, an kuma gyara fanka. Bayan nan za a taru ranar bakwai, a sake taruwa ranar arba'in. Liman ya aiko mini cewa ba a yi wa itace bakwai ko arba'in, kuma na san gaskiya ya faɗa. Na sa su ne don na san mutanen Gwarzo, ba sa ƙin zuwa gaisuwar mutuwa. Na duba duk abin da ya rage mini, ban ga wata hanyar da zan sa ku tsallako titi har sau biyar ba. Don Allah ku zo.