Bakin Kaka da Kalmar Sirri

"Lafiya lau, matata. Ya gajiya?"

"Gajiyar tana wuyanka, ragon miji! Shigo ka buɗe abin da ka kulle."

Tsohuwar ce mai ɗakin gwajin jinin, jikanta kuwa shi ke kula da sabar, wato babbar na'urar da ke ajiye sakamakon marasa lafiya. Tun da sakamakon wani ya fita ya zama abin hira a unguwa, ya tsaurara ƙa'ida: kowane ma'aikaci da asusunsa, da doguwar kalmar sirri, wanda ya yawaita kuskure kuma na'urar ta rufe shi a waje. Yau ita aka rufe. Sai safa da marwa take yi tsakanin tebur da taga, domin ga mai juna biyu a benci tana jiran sakamakonta, likita kuma ya kusa tashi.

"Mayar mini da tsohuwar kalmata."

"Wadda mai shara ma ya haddace?"

"Ƙarya kake, mai kan kwakwa! Wa na taɓa faɗa wa?"

"Kowa! Yatsa ɗaya kike dannawa, baki yana rakiya, harafi bayan harafi. In kika manta, masu jira ke tuna miki."

"Kai da na goya a baya za ka tona mini asiri? Na sake ka!"

"Miji ke saki, tsohuwa. Ga shi na buɗe. Zaɓi sabuwa."

Ta zauna, ta gyara tabarau, ta ɗaga yatsa. Harafin farko bai sauka ba sai da muryarta ta kai ƙofa. Mai jiran ta sunkuyar da kai tana ƙunshe dariya. Tsohuwar ta dubi agogon bango.

"Sake wata," in ji shi. "Wannan ta riga ta shiga gari."

Ya zaro alewa daga aljihu, ya ɓare, ya miƙa mata.

"Ni ce jaririyar?"

"Haƙoranku dai ɗaya."

Ta harare shi, ta jefa alewar a baki, ta danna kalmar tsit har ƙarshe. Shafin ya buɗe, takardar ta fito. Sai da ta danƙa wa matar, ta ga ta nufi ofishin likita, sannan ta fashe da dariya.

"Ka ci, ɗan nema. Gobe ka zo mini da kwali guda, na mayar da auren."