Yadda Za Ka Zama Likitan Ƙwaƙwalwa Da Hular Sanyi

Lukman mai gyaran rediyo na kasuwar Achida, kai ka cuce ni, kuma ka sani. Ni Inna Larai ta Wurno, mai tuyar ƙosai, nika magana. Matar ɗana Mashkura ka rubutawa, don ni ko alif ban sani ba. Kai kuma mai karatu, in kana son zama likita kamin la'asar, ga hanya. A kaina anka gwada ta, ba ta kuskure.

1. Nemi mai yana a ido

Kada ka taɓa mai gani, gane ka zai yi. Nemi irina, wadda ka jefa ƙullu bayan kasko ta ce iska ta. Ka durƙusa har ƙasa, ka ce, "Inna, an tashi lahiya?" Tsohuwa in ta ji ladabi, rabin wayonta ya tahi.

2. Haɗa hula

Hular sanyi, wayoyin matacciyar rediyo, batir biyu. Ka ce ƙwaƙwalwa zango gare ta awa rediyo, akwai gajere, akwai dogo. Ka ce ido ɗan aike na kurum, in an kamo tasha, kai da kanshi zai yi karatu.

3. Kira sunayen manya

Ka ce, "Gobe Alfa za mu kamo miki." Ni na ɗauka malami na, zai zo shi yi min tohi. Na share ɗaki, na dama hura. Sai ga hula, sai tsuwwa a kunne awa an ba sauro lasifika.

Nac ce, "Ina Alfan?"

Lukman yac ce, "Shina cikin kanki, Inna."

A'uzubillahi! Shekara tara da rasuwar maigidana Malam, namiji bai taka ɗakina ba, sai kaina? In ta tada gardama, ka ce bayan zangon Alfa akwai na Delta. Ni da ko Gusau ban taɓa zuwa ba.

4. Koya mata karatun gudu

Asirin duka tsallake na. Ban da bin baƙi ɗai-ɗai awa mai tsintar tsakuwa cikin shinkafa. A zubo ido daga sama har ƙasa, ƙwaƙwalwa ta cike sauran. Kada ka kuskura ka tambayi ɗalibarka ko ta taɓa shiga aji. Sati ukku ina riƙe da jarida, ashe a kife take.

5. Nuna gwaninta a kan abin da ba naka ba

Likitocin ido sun zo garinmu, sunka duba ni, sunka ba ni takardar ranar da za a cire min yana kyauta a Sakkwato. Na miƙa ma Lukman. Kamin in sauke hannu ya gama.

"Sha bakwai ga wata, Inna."

"Ɗana, sake dubawa."

"Haba Inna, mai Alfa ba shi karatu sau biyu."

Ran sha bakwai na shiga mota. Mai gadin asibiti ya aza yatsa, ya bi takardar sannu-sannu, yac ce, "Hajiya, bakwai ga wata anka rubuta. Sha bakwai lambarki ta a layi. Likitoci sun koma, sai baɗi."

Baɗi! Idon hagu ya riga ya ruhe, na dama shina binshi.

6. Ɓace

In an zo nemanka, ka ce a ce ka tahi Goronyo biki. Biki mi, wata guda?

Wanda duk ya bi hanyar ga anka hwasa mishi kai da muciya, babu ruwana. Ko an kira ni shaida, ban gani ba.

Kai kuwa Lukman, na kai ƙara ga uban ƙasa. Ka zo gabanshi ka hwaɗi wa zai kai ni a cire yanar ga kamin idon ya mutu, da bakinka, jama'a na ji. Rana tana cikin takardar sammaci. Ka aza yatsa, ka karanta a sannu.