Ƙusar Nomau

Laraba ce, hadari ya haɗo bai zuba ba, na kai Nomau ofishin ƙungiyarmu ta manoman masara. Ɗan ƙanena ne. Gidansu daga shi sai uwarsa Tabawa sai akuya, akuyar ma ta fi shi wayo. Amma ya iya kwamfuta, ni na tsaya masa. In ya yi ɓarna, ni za a zaga.

Aikinsa ya buga takardar koyar da manhajar waya mai suna Damtek, wadda sai da ita ake rajistar taki. Sakatarenmu Malam Ila ya ce masa, "Sunan nan da mai shi. Ba a taɓa shi sai da izini."

Wata rana ya kawo takardar. Duk inda sunan zai fito, fili ne fari.

Na ce, "Ina sunan?"

Ya ce, "Baba, ban samu izini ba."

Na yi tsaki na fita.

Wata rana Ila ya ce, "Rubuta sunan, sakarai. Amma duk inda ya fito, sa masa alamar mallaka, R cikin da'ira." Ya sa a takarda. Sai ya ga sunan a fuskar wayoyin mutane ba alama, ya nemo ƙusa ya shiga karta musu ita. Da wayar Mai Unguwa ya fara. Ni na je ban haƙuri, hula a hannu. Na ce masa, "Kada ka ƙara kusantar wayar kowa sai ka tambayi masu sunan!"

Wata rana wani baƙo ya zo da babbar riga, wai kamfanin ne ya aiko shi da sabuwar Damtek, kowa ya sa lambar sirrinsa ta banki. Mutane suka yi layi a waje. Nomau ya leƙa wayar baƙon, ba alama. Ya fito ya kulle shi a ofis.

"Buɗe, mahaukaci!"

"Yi haƙuri, Alhaji, izini zan nemo."

Ya buga wa kamfanin, wai su yarda ya karta alama a wayar ɗan aikensu. Suka ce ba su aiki kowa ba. Kafin mu buɗe, baƙon ya fice ta taga, ya bar takalmi. Layi ya watse, ba wanda ya sa lambarsa.

Mai Unguwa da kansa ya sa wa Nomau albarka.

Washegari da sassafe ya yi mini sallama, ƙusa a hannu.

"Baba, na tambayi masu sunan. Sun yi dariya, ba su hana ba. Ina wayarka?"