Ƙarin Ruwan Alhaji Gwadabe

Duk wanda ya lissafa wayayyun unguwar Hausawan Anaca bai fara da Alhaji Gwadabe ba, to ya sake lissafi. Shi ne ya dawo bayan yaƙin basasa da buhun albasa a ka, kafin a ankara arzikin man fetur ya biyo ta kwangilar siminti ya same shi. Ya yi tumbi, ya yi marsandi, ya yi haƙorin Makka mai walƙiya kamar hantsi a kan Kwara. Abu guda ya rage masa: rawanin Sarkin Hausawan unguwa, wanda ya rasa kai tun rasuwar tsohon sarki. Dattawa kuwa sun ce mai ƙarfi a jika suke nema, wanda zai iya zirga-zirga tsakanin caji ofis da kasuwa in rigima ta tashi.

A Fatakwal Alhaji ya samo sirrin ƙarfi. Wani ɗan kwangila ya raɗa masa cewa manya sun daina shan lemo, bitamin si ta jijiya ake ɗura musu. Sai ya ɗauko nas. Bai yarda a kafa ƙarfen rataye kwalba a ɗaki ba, don alheri ba ya son duhu. A ƙofar gida aka kafa shi, gindin mangwaro, daidai hanyar kasuwar Ochanja. Ya kishingiɗa, ruwa rawaya yana ɗiga cikin hannunsa kamar hawayen zinariya.

"Ku tsotsi lemo ku tofar da 'ya'ya," in ji shi ga masu wucewa. "Ni lafiyata daga Ingila take zuwa a kwalba. Ba ta bi ta baki. Dairekt cikin jini!"

Na-Jijiya, kamar yadda aka soma kiransa, ya manta abu ɗaya ƙanƙane. A unguwar nan ba a taɓa ganin an yi wa mutum ƙarin ruwa ba sai ƙafarsa guda ta leƙa kabari.

Jama'a suka yi ta tururuwa. Mata da kwanukan kunu, 'yan dako da fuskokin tausayi, maƙwabta Ibo suna girgiza kai suna yi masa sannu da yarensu, "Ndo, Alhaji." Shi kuwa gogan yana ta ɗaga hannun da babu allura, yana karɓar mubaya'a. Har Falalu mai goro, abokin takararsa, ya zo ya tsuguna ya riƙe masa yatsu.

"Alhaji, in na taɓa saɓa maka, ka yafe mini."

Da ya tafi, Alhaji ya dubi matarsa Sakinatu. "Kin gani? Ya sallama."

"Alhaji, wannan fa irin yafiyar da ake nema wurin mai shirin tafiya ce."

"Ke me kika sani a kan bitamin?"

Liman Ma'aruf ma ya zo, ya tambayi jiki.

"Garau, Allah gafarta malam! Ai kullum sai an ɗura mini kwalba, shi ya sa ka gan ni haka."

"Kullum?" in ji Liman a hankali. Ya juya ga dattawa ido ya ciko. "Ku dubi ƙarfin hali."

Ranar Juma'ar da za a yanke magana, Alhaji ya ce a ninka. Kwalba a dama, kwalba a hagu, shi a tsakiya cikin babbar riga kamar jirgin ruwa ɗaure a gaɓa. Bayan an sauko daga masallaci dattawa suka iso, ya gyara wuya don rawani.

"Alhaji," in ji Liman, "kai ne a bakin kowa. Amma mun ji tsoron Allah. Bawan da ko ruwan lemo ba ya iya haɗiya sai ta jijiya, ba ma ɗora masa kayan jama'a. Mun naɗa Falalu."

Alhaji ya zabura zai miƙe ya nuna musu ƙarfi. Robobin ƙarin ruwan suka riƙe shi dama da hagu, ƙarafan suka yi tangal-tangal, dattawa suka yi caa a kansa suna danne shi.

"Kwanta, Alhaji, kwanta! Kada ka wahalar da kanka!"

Kafin la'asar sabon sarki ya yi aikinsa na farko. Ya aiko da kwandon lemo daga Ochanja, da saƙon cewa a matse wa Alhaji, a riƙa gwada ba shi da cokali.