Ta'aziyyar Solar Gidan Malam Ajimi

Da zuciya mai nauyi, cike da baƙin ciki, Malam Ajimi na unguwar Lamisula, mutum na farko a tarihin Borno da ya sallami duhu daga gidansa har abada, yana sanar da rasuwar solarsa. Ta cika ranar biyu ga Babbar Sallah, bayan la'asar, tana da wata uku da kwana tara a duniya.

Marigayiya ta shigo gidan ne a shekarar da aka fasa turakun wuta a hanyar Damaturu, gari ya koma fitilar waya. Wanda ya kawo ta, wani mai sanyin murya da ake kira Injiniya, ya ce 'yar Jamus ce, za ta shekara goma ko tari ba ta yi ba. Malam Ajimi ba mutumin da ake yaudara ba ne, yana da digiri. Ya gwada baturanta yadda duk mai hankali yake gwadawa: ya ɗaga ɗaya, ƙugunsa ya amsa, ya kwana biyu yana salla a zaune. "Jabu ba ya nauyi haka," in ji shi. Ya sa hannu a takarda, bai wulaƙanta Injiniya da karanta ta ba.

An shaidi marigayiya da kunya. Ba ta son a gan ta tana aiki. Da magariba ta yi sai ta ce "ƙit, ƙit, ƙit," ta kwanta da wuri kamar 'yar gidan tarbiyya. Injiniya ya yi bayani ta waya cewa ranar Borno ce ta yi mata yawa, a ba ta lokaci ta saba. Malam Ajimi ya ba ta.

Ran jajibere ya tsaya a ƙofar masallaci ya yi shela cewa duk mai naman layya ya kawo ajiya, firizar gidansa ta fi Jos sanyi. Firizar ta matarsa ce, Ya Bintu, wadda da ita take sana'ar ƙanƙara. Abin da ta ce kawai shi ne, "Malam, ka tambayi solar taka?" Gida bakwai suka kawo cinya da ƙirji. Marigayiya ta jure na yini ɗaya, sannan ta ja wani dogon "ƙiiii," ta yi shiru. Ƙudajen unguwa sun riga mutane zuwa gaisuwar naman.

Da mai gyara ya buɗe cikinta, an tarar da ƙananan batura irin na babur, sauran kuwa yashi ne. Mai gyaran ya murza shi a yatsa ya ce na kogin Ngadda ne. Ko yashin ba na Jamus ba ne, kuma wannan ya fi komai taɓa Malam Ajimi.

Lauyar iyalin, Barista Agnes, ta karanta takardar da ba a karanta ba. "Baba, a nan ka sa hannu ka gwada ka gamsu. A nan kuma an ce garanti ya mutu ranar da aka buɗe batir. Wa ya ce ka buɗe?" Duk da haka ta ce zamba zamba ce, sa hannu ba ya wanke ta. Ana iya rubuta masa wasiƙa, ana iya zuwa hukumar kare haƙƙin masu saye, ana iya kotu. Abu ɗaya kawai ake bukata, shi ne Injiniya. Adireshin da ke kan rasit ya kai su rumfar wani mai bandar kifi, wanda ya yi musu ta'aziyya cikin ƙwarewa, don su ne na shida a watan.

Marigayiya ta bar farantan zuƙar hasken rana huɗu a kan rufi, suna shan rana ba su san an yi rasuwa ba, da fanka biyu, da talabijin wanda bai yi magana ba tun ranar.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da ƙarfe goma, a baro, zuwa wurin 'yan gwangwan. Yashin zai zauna a ofishin lauya a matsayin shaida. Zaman makoki a ƙarƙashin dalbejiyar ƙofar gida, kowa ya zo da maficinsa.

Masu nama ba sai sun tayar da maganar ba. Tun jiya Ya Bintu ta bi gida bakwai da ƙullin nama daga mahauta, kowa da cinyarsa. An ga firizarta a bayan Keke Napep jiya da safe, kafin ta nufi mahauta. Malam Ajimi yana sanar da cewa gyara aka kai ta, kuma Ya Bintu ba ta ce a'a ba.